Haɗarin Doguwar Kwanciya Bayan Aikin Karayar Ƙugu

Idan tsoho ya zame a makewayi ya karye a ƙugu, likita ya yi masa aiki ya haɗa ƙashin da ƙarfe, sai dangi su yi hamdala, suna zaton an tsallake. To, akwai sauran rina a kaba. Mu malamai da akawuna, da yake mu ake kira mu karanta takardar asibiti a gida, ya kamata mu san abin da ke biyo baya.

Jinin da ya sauka ƙafa, motsin naman sha-raɓa ne ke tura shi ya koma zuciya. In mutum ya kwanta ba motsi, sai jinin ya yi nawa a jijiyoyin can ciki, har ya daskare ya zama guda. Ga kuma rauni da karaya da wuƙar likita suka yi wa jijiya, ga jinin mai rauni ya fi saurin daskarewa. Gudan nan kuwa yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, mutum ya mutu farat ɗaya alhali ƙashinsa yana warkewa.

A shekarar 1959, a Birmingham ta Ingila, likitoci biyu, Sevitt da Gallagher, suka gwada maganin hana daskarewar jini a kan masu irin wannan karaya, suka ga toshewar huhu ta ragu ƙwarai. Yau akan yi allurar hefarin ko a ba da ƙwaya har kwana 28 zuwa 35 bayan aiki, wato har bayan an sallamo mutum. Nan ne mukan yi sakaci, gama da an dawo gida sai a ce magani ya isa.

Tausayinmu ma yakan cuce shi. Likita zai so a tayar da majinyaci kashegarin aiki, mu kuwa mu ce a bar Baba ya huta. Lalle a taimake shi ya taka, ya riƙa motsa idon sawu, ya sha ruwa sosai.

In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada a yi mata tausa ko gashi. A koma asibiti ran nan. In kuwa numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke shi, ko ya yi tarin jini, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.