Yadda ƙudurorin haƙƙin mata ke mutuwa a Majalisar Tarayya, da abin da zai iya ceto su

A ranar 15 ga Maris, 2016, Majalisar Dattawan Najeriya ta yi watsi da ƙudurin daidaita damarmaki tsakanin maza da mata, wanda Sanata Biodun Olujimi daga Ekiti ta gabatar. Sanata Ahmad Sani Yarima ya kafa hujja da tsarin mulki da shari'ar Musulunci, Sanata Emmanuel Bwacha kuma ya kafa tasa da koyarwar Kirista. A Disamban 2021 ƙudurin ya sake dawowa, aka jingine shi bayan wasu sanatoci sun yi taƙaddama kan kalmar "daidaito".

Wanda ya bi diddigin wannan tarihi zai ga cewa adawar tana da tsari. Da farko, akan ɗauki sashe ɗaya mai sarƙaƙiya, kamar rabon gado, a mayar da shi fuskar ƙudurin baki ɗaya. Damuwar Musulmi kan gado ta gaskiya ce, kuma ta cancanci amsa. Amma idan aka binne ƙuduri dungurungum saboda ita, har da kariyar da ya tanadar wa matan da mazajensu suka rasu ake binnewa. Na biyu, akan laƙaba wa ƙudurin sunan kayan Turawa, alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Na uku, akan yanke hukunci da ƙuri'ar murya, ko a ce an tafi "tuntuɓa", ta yadda ba wanda za a kama da sunansa.

Abin da ya faru a ranar 1 ga Maris, 2022 ya nuna cewa ba addini kaɗai ke ƙarƙashin lamarin ba. A ranar Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurori 5 na gyaran tsarin mulki, kuma babu wanda ya taɓa gado ko aure a Musulunci. Cikinsu akwai na ware wa mata kujeru na musamman, da na ba su kashi 35 cikin ɗari na shugabancin jam'iyyu, da na bai wa mijin 'yar Najeriya ɗan ƙasar waje damar zama ɗan ƙasa, kamar yadda sashe na 26 ya bai wa matar ɗan Najeriya. Magana ce ta kujera da iko, kuma masu riƙe da su ne suka kaɗa ƙuri'a.

Mata sun yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar Majalisa. A ranar 8 ga Maris, Majalisar Wakilai ta janye matsayinta kan uku daga ciki, sai dai wa'adinta ya ƙare ba su zama doka ba. Zanga-zanga takan buɗe ƙofa, amma ba ta shigar da kaya.

Darasin yana hannun matasa da kansu. Gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, wanda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a ranar 31 ga Mayu, 2018, ya yi nasara ne saboda buƙatarsa ɗaya ce bayyananniya, kuma masu fafutukarsa sun bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suna wallafa sunayen masu goyon baya da masu adawa. Sun kuma bi majalisun jihohi, domin gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai aƙalla 24 cikin 36 sun amince.

Haka ƙudurorin mata ke buƙata: a rarraba su, a fassara kowanne zuwa Hausa da sauran harsuna kafin jita-jita ta riga su isa gari, a zauna da malamai da sarakuna tun ana rubuta daftari. Sannan a nemi ƙuri'a mai suna. Idan ɗan majalisarka ya zo neman tazarce, tambaye shi ɓangaren da ya tsaya, ka kuma nemi ya faɗa a bainar jama'a.