Ƙaramar Ƙasa da Sararin Samanta: Daga Taiwan zuwa Ƙonni

 

Ranar 6 ga Agustan 2023, ranar da wa'adin kwana 7 da ƙungiyar CEDEAO ta ba sojojin da suka karɓi mulki a Yamai, kan su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi, ya cika, hukumomin Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasar. Mutanen yankin Ƙonni sun fi kowa jin nauyin sanarwar, domin tsakanin Ƙonni da Sakkwato ta Najeriya bai kai kilomita 100 ba, tafiyar da jirgin yaƙi kan cinye cikin ƙasa da minti 10. Allah ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba. Amma tambayar da ta taso a lokacin tana nan daram: ƙaramar ƙasa, idan maƙwabciyar da ta fi ta jirage da kuɗi da yawan jama'a ta nufo ta, me za ta iya yi da sararin samanta? Babu inda aka daɗe ana nazarin wannan tambaya kamar tsibirin Taiwan, don haka can za mu fara leƙawa.

Taiwan na da mutane kimanin miliyan 23, ƙasar Sin kuwa ta haura biliyan 1 da miliyan 400. Tun 1949 tsibirin ke mulkin kansa, Beijing kuma na cewa yankinta ne, ba ta kuma taɓa yin alkawarin ba za ta karɓe shi da ƙarfi ba. Ruwan da ya raba su, a inda ya fi matsewa, kilomita 130 ne. Duk mai son mamaye tsibiri dole ya loda dubban sojoji a jiragen ruwa, jirgin ruwa mai ɗauke da sojoji kuwa ba ya gudu, ba ya ɓuya. Saboda haka kafin ya taso sai ya tabbatar sama ta zama tasa, hanya mafi sauƙi kuma ita ce ya yi ruwan makamai masu linzami a kan filayen jiragen abokin gaba tun da asuba. An ga irin haka ranar 5 ga Yunin 1967, lokacin da Isra'ila ta ƙone mafi yawan jiragen yaƙin Masar suna ajiye a ƙasa. Wannan ne tushen hujjar shirinmu na yau: ƙaramar ƙasa ba za ta mallaki sama ba, neman hakan ma ɓarnar dukiya ce. Abin da za ta iya shi ne ta tsira daga bugun farko, ta hana babba sakewa a samanta, ta ja kwanaki har a shiga tsakani.

Tarihi ya maimaita wannan darasi. A 1940 Birtaniya ta fuskanci jiragen Jamus da suka fi nata yawa. Jarumtar matuƙa ta yi aiki, amma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne jerin na'urorin rada a bakin teku, da masu sa ido a ƙasa, da cibiya ɗaya mai tattara labari ta tura jirgi inda ake buƙata kawai. A watan Satumba Hitler ya ɗage mamayar, bai kuma sake komawa kanta ba. Ita kanta Masar, a 1973, sojojinta sun ƙetare mashigin Suwez ne a ƙarƙashin kariyar makaman kakkaɓo jirage da ke ƙasa, sai da suka wuce inda makaman ke kaiwa aka fara yi musu ɓarna daga sama. A Fabrairun 2022 Yukren ta kwashe jiragenta da makamanta na S-300 da Buk daga inda aka san su, ta riƙa kunna rada na ɗan lokaci tana kashewa tana sauya wuri, Rasha da duk ƙarfinta ta kasa mallakar saman ƙasar.

Taiwan ta karanta waɗannan darussa. Ta haƙa ramukan ajiye jirage a cikin dutse a sansanin Chiashan kusa da Hualien, tana horar da matuƙanta sauka da tashi a kan manyan tituna, ta sayi makaman Patriot daga Amurka, ta kuma ƙera nata mai suna Tien Kung. Wani nazari da cibiyar RAND ta fitar a 2016 ya shawarce ta da ta fifita makaman kakkaɓo jirage a kan tara jiragen yaƙi. Admiral Lee Hsi-min, wanda ya shugabanci rundunonin tsibirin daga 2017 zuwa 2019, ya matsa a kan ƙananan makamai masu yawa, masu arha, masu saurin sauya wuri. Dabarar beguwa ke nan: ba ta fi zaki ƙarfi ba, amma wanda ya kai mata baki zai daɗe yana jinya.

Akwai masu ja da wannan, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kusan kullum jiragen Sin na shawagi a kewayen tsibirin, ba za ka harbo jirgin da bai harbe ka ba, sai dai ka tashi naka ya tare shi ya raka shi. Gaskiya ne, shi ya sa a 2019 Taiwan ta ƙulla cinikin sababbin jiragen F-16 guda 66 a kan kusan dala biliyan 8. Amma aikin sintiri a lokacin lafiya daban, aikin ranar yaƙi daban, kuma jirgin da aka fasa titin tashinsa ya zama ƙarfe a ajiye. Wasu kuma na cewa makamin Patriot ɗaya na kai dala miliyan 4, jirgi marar matuƙi irin Shahed kuwa dubban daloli ne kawai, don haka mai kai hari zai talauta mai karewa. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi. Amsarsa ita ce a bar makami mai tsada ga babban hari, a tari ƙananan jirage da bindigogi da na'urorin rikita sadarwa, a kuma yarda tun farko cewa ba kowane gini za a iya karewa ba.

To, mai saurare a kasuwar Badagishiri zai ce Nijar ba tsibiri ba ce. Haka ne, bambancin ma shi ne abin lura. Taiwan na sayen kwanaki da ƙarfe ne saboda mai taimakonta na can bayan teku. A 2023 Nijar na da jiragen Su-25 ƙwaya biyu, da ƴan jirage masu saukar ungulu, da marasa matuƙi Bayraktar da ta saya daga Turkiyya, babu mai cewa su suka tsorata Abuja. Mali da Burkina Faso sun yi gargaɗin cewa taɓa Nijar taɓa su ne. Ranar 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, sanatocin arewa na kan gaba. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdussalami Abubakar sun zo Yamai, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Janar Tiani, shugaban sojojin da suka karɓi mulki, tawagar malamai ƙarƙashin Shaihu Bala Lau ta biyo baya. Iyaka mai tsawon kilomita 1,500 da auratayya da kasuwanni suka ɗinke ta yi wa ƙasar nan aikin da teku ke yi wa tsibiri.

A watan Afrilun 2024 masu horarwa daga Rasha sun sauka a Yamai da na'urar kare sararin sama. Ƙasa mai ƴanci na da haƙƙin mallakar irin wannan, kuma harbo jirgin Mali marar matuƙi da Aljeriya ta yi a Tinzawaten a farkon Afrilun 2025 ya nuna rikicin sama ya iso Sahel. Sai dai ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ba ta rufuwa da makamai ko nawa aka kashe. Abin da hankali zai ɗauka shi ne rada mai gani da ma'aikata ƴan ƙasa da suka iya gyaranta, da kariya mai sauƙin kuɗi ga wurare kaɗan irin filin jirgin Yamai da matatar mai ta Zinder, da daina jera jirage a fili ɗaya. Sauran kuɗin na da wurin zuwa, domin waɗanda suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya, a wannan jiha tamu ta Tawa, a watan Maris na 2021, a kan babura suka zo.