Shin Ƙuri'ar da Aka Ba Jam'iyya ta Uku Asara Ce?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, akwai gargaɗin da ke yawo a majalisun hira da kasuwannin Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura da Achilafiya, cewa kada mutum ya yi asarar ƙuri'arsa. Abin da ake nufi shi ne jam'iyyu biyu kaɗai ke iya cin zaɓe, saboda haka wanda ya dangwala wa wata daban ya sha rana a layi a banza. Masu wannan magana suna da hujja, domin tun 1999 kujerar gwamnan Jigawa ba ta taɓa fita daga hannun babbar jam'iyya ba: Saminu Turaki a APP wadda ta koma ANPP, Sule Lamido a PDP, sai Badaru Abubakar da Umar Namadi a APC. Duk da haka, tarihin wannan yanki ya nuna cewa ƙuri'ar jam'iyya ta uku tana da amfani matuƙar jam'iyyar tana da saiwa a cikin jama'a, kuma za ta ci gaba da rayuwa bayan an kwashe akwatuna.

Tsarin zaɓenmu ne ke tura mutane zuwa gida biyu. A zaɓen 'yan majalisa, wanda ya fi yawan ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ke ɗaukar kujera, na biyu da na uku su tashi a tutar babu. Masanin siyasa ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana tun shekarun 1950 cewa irin wannan tsari yana haifar da manyan jam'iyyu biyu, domin mai zaɓe yana gudun wanda yake ganin ba zai kai labari ba. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke iyaka da Babura, sun yi aiki da tsarin zagaye biyu. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka mara wa Mahamane Ousmane baya ya ci a zagaye na biyu, shi kuma Mahamadou Issoufou da ya zo na uku ya zama firaminista. A irin wannan tsari, mutum yana iya bin zuciyarsa da farko, ya yi lissafi daga baya. Mu a nan dole mu haɗa biyun a dangwale ɗaya, shi ya sa tambayar take da nauyi.

To amma wa ya kawo wa talakan ƙasar Kazaure sauyin da dattawa ke tunawa har yau? NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba ta taɓa kafa gwamnati ba. NPC ce ta riƙe Jihar Arewa har juyin mulkin 1966. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala, kuma da ma'aunin masu cewa asara, duk ƙuri'unsu sun tafi a banza. Sai dai waɗannan mutane su ne suka zama ginshiƙin PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ɗan takararta Malam Aminu Kano na huɗu ya zo, da kusan kashi 10 cikin 100, can bayan NPN da UPN. Amma PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A lokacin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura duk a tsohuwar Jihar Kano suke, domin sai 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Manomin Achilafiya da ya daina ɓuya daga mai karɓar haraji, da Bafulatanin da ya daina kora shanunsa daji don gudun ƙidaya, jam'iyyar da ta zo ta huɗu a ƙasa ce ta sauke musu wannan nauyi.

Misali na kusa ma yana nan. A 2011 PDP ce giwa, 'yan adawa kuwa a rarrabe suke. Muhammadu Buhari ya tsaya a CPC, sabuwar jam'iyya, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, amma ya faɗi, kuma gwamna ɗaya tak jam'iyyar ta samu, a Nasarawa. A Jigawa, Badaru ɗan Babura ya tsaya a ACN, Lamido ya kayar da shi. A ranar, kowa zai ce waɗannan ƙuri'u sun salwanta. Amma da aka zauna teburin haɗaka a 2013, yawan ƙuri'un nan ne ya nuna ƙarfin kowane ɓangare, kuma daga ACN da CPC da ANPP aka haifi APC. Bayan shekara biyu Buhari ya shiga fadar shugaban ƙasa, Badaru ya shiga gidan gwamnati a Dutse. Ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun da ake cewa dole a zaɓa yau, da ƙuri'un da aka kira asara aka gina ta.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce jam'iyya ta uku tana raba ƙuri'a, har ta ba wanda ka fi ƙi nasara. Wannan gaskiya ne. A Amurka a 2000, Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya samu ƙuri'a sama da 97,000 a jihar Fulorida, inda George Bush ya ci da ratar 537 kacal. A Jigawa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Tinubu ya samu kimanin 421,000, Atiku kimanin 386,000, Kwankwaso na NNPP kimanin 98,000, wato kusan ninki uku na ratar da ke tsakanin manyan biyu. Amma wannan lissafi yana ɗauka cewa ƙuri'ar ɗan Kwankwasiyya mallakar PDP ce da aka sace mata, alhali wasunsu APC za su zaɓa, wasu kuma gida za su zauna. Ƙuri'a ta mai ita ce, kuma jam'iyyar da ta rasa ta ita ya kamata ta binciki kanta. Ƙari a kan haka, masu zaɓe sun nuna sun iya lissafi: bayan mako uku, a zaɓen gwamna, NNPP ta sauko zuwa kimanin 37,000 a Jigawa, yayin da a Kano, inda a lokacin take da tsari a kowace mazaɓa, Abba Kabir Yusuf ya ci da ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya.

Suka ta biyu ita ce yawancin ƙananan jam'iyyu rumfar haya ce ga wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani, kuma ko ya ci, gobe zai sauya sheƙa. A nan masu suka sun fi mu hujja, kuma a nan ne sharaɗin da na gindaya yake aiki. A 2020 hukumar INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 da suka kasa cika sharuɗɗan tsarin mulki, mafi yawansu ba wanda ya san ofishinsu. A mazaɓar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, Muhammad Gudaji Kazaure, duk da sunan da ya yi a majalisa, ya rasa tikitin APC, ya tsaya a ADC a 2023, bai koma ba. A shekarar kuma NNPP ta ci kujerar majalisar wakilai ta Gwaram. Farin jinin mutum ɗaya ba ya maye gurbin shugabannin mazaɓa, da wakilai a kowace rumfar zaɓe, da manufar da mutane za su riƙe ko ɗan takara ya tafi. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ba tare da ta rabu ba zai rasa kujerarsa, kuma haƙƙin masu zaɓe ne su matsa a yi aiki da shi.

Akwai kuma masu tsoron cewa garin da ya zaɓi 'yan adawa za a hana shi hanya da rijiya da taki. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma garin da ɗan siyasa ya tabbata ƙuri'arsa tana aljihu shi ma ba a waiwayarsa. Wanda ake lallashi shi ne wanda aka san yana da wurin zuwa.

Saboda haka mai zaɓe ya duba kujera-kujera, tunda takarda biyar ake ba shi: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, gwamna da ɗan majalisar jiha. Ba dole ba ne ya yi sak. Zaɓen wake da shinkafa halal ne. Inda manyan biyu suka yi kankankan, kuma ɗayansu yana da illa a fili, hankali ne a zaɓi mai dama-dama. Inda kuwa ƙaramar jam'iyya take da mutane a unguwa, ta tsaya a zaɓen baya, kuma akwai alamar za ta tsaya a na gaba, to ba ta ƙuri'a gini ne, ko da ba ta ci bana ba. Ƙuri'ar da ta salwanta da gaske ita ce wadda aka sayar da taliya da sabulu, da wadda mai ita ya bar katinsa a gida.