Yadda Za Ka San Lita Nawa Duro Ke Ci

Ya kai manomin auduga, idan ruwan feshi ya yi yawa, maganin ya yi sanyi, tsutsa ta ci ƙwallon audugarka. Idan ruwan ya kasa, maganin ya yi ƙarfi, ya ƙone ganye, kuɗinka kuma ya tafi a banza. Saboda haka ka san abin da duronka ke ci kafin ka zuba magani.

Ga yadda za ka yi. Auna faɗin bakin duro daga ciki, ta tsakiya. A ce ka sami santimita 56. Raba shi biyu, ka sami 28. Yanzu 28 sau 28 ya ba ka 784. Ninka wannan sau 22, ka raba da 7, ka sami 2,464. Wannan shi ne filin gindin duro. Sai ka auna tsayi. A ce 85 ne. To, 2,464 sau 85 ya zama 209,440. Raba da 1,000. Duronka na cin lita 209, wato cikin famfon goyo mai lita 16 har sau 13.

Ka lura, kowane santimita ɗaya na zurfin ruwa a wannan duro kusan lita biyu da rabi ne. Sai ka sami sanda miƙaƙƙiya, ka yi mata tsaga. Idan ruwa ya kai santimita 40, kana da kusan lita 100. Amma fa sai duro na tsaye. Idan yana kwance, sandar za ta ruɗe ka.

In kuwa fenti za ka shafa don tsare tsatsa, jikin duro za ka auna. Zagaya shi da igiya, ka sami wajen 176. Sai 176 sau 85, ya ba ka 14,960, wato kusan murabba'in mita ɗaya da rabi.

Lissafin nan ɗaya ne ga rijiya, ko a Funtuwa take, ko a Sabha ta ƙasar Libiya, inda gonaki ke dogara ga ruwan ƙarƙashin ƙasa don ruwan sama ba ya samuwa. Rijiya mai faɗin santimita 140, idan ruwanta ya yi zurfin mita ɗaya, lita 1,540 ke ciki. Ka riƙe wannan: idan ka ninka tsayi biyu, abin da ke ciki ya ninku biyu. Idan faɗi ka ninka biyu, ya ninku huɗu.

Ka bi awon da aka rubuta a jikin kwalbar magani. In ka yi shakka, tambayi malamin gona. Duron da aka dama magani a ciki, kada a sake zuba ruwan sha a cikinsa, ko na mutum ko na dabba.