“Ba Ni Minti Biyar” a Fadar Sarkin Dauri: Kurakuran Finafinanmu da Idon Mutanen Karkara

Masu iya magana na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin Hausa take bunƙasa, kuma tare da ita wata sana'ar marar albashi ta tashi, wato tsintar kurakurai. A da can a majalisun masu shayi da gidajen kallo da shafin wasiƙu na mujallar Fim ake yin ta. Yau ta koma Facebook da WhatsApp. Masu shirya fim kan ɗauki abin a matsayin hassada ko rashin aikin yi. Ni kuwa a ganina wannan muhawara ita ce sharhi mafi amfani da masana'antar take samu kyauta, kuma waɗanda suka fi cancanta a saurara a cikinta su ne waɗanda aka fi rainawa: manoma da makiyaya da matan aure na garuruwa irin su Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ake aron rayuwarsu a yi fim da ita ba tare da an tambaye su yadda take ba.

Kuskure suna ya tara

Ya kamata mu fara rarrabe tsaki da tsakuwa, domin kuskure a fim iri uku ne. Na farko shi ne na sakaci wurin ɗauka: jarumi ya shiga zaure da farar hula ya fito da ja, ko bayi su durƙusa gaban sarkin dauri alhali turken wutar lantarki yana leƙe ta bayan katanga, ko dogari ya ɗaga takobi agogo yana ƙyalli a hannunsa. Wannan ba mu kaɗai yake samu ba. A 2019 'yan kallo sun hango kofin shan gahawa na zamani a kan tebur cikin shirin Game of Thrones, wanda aka kashe wa maƙudan daloli, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanin HBO ya goge shi da kwamfuta. Haka ma masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya yi ta ƙorafi cewa taurarin da aka nuna a sararin sama cikin fim ɗin Titanic na 1997 ba su ne suke sama ba a daren da jirgin ya nutse a 1912. Da aka sake fitar da fim ɗin a 2012, darakta James Cameron ya gyara sararin saman. Abin lura shi ne an karɓi gyara.

Na biyu shi ne ɓarakar labari, inda zaren ya tsinke ko ya saɓa wa kansa. Na uku kuwa, wanda ya fi damuna, shi ne kuskuren rashin sanin mutane: harshensu, al'adarsu da sana'arsu. Na farko dariya yake jawowa, na biyu yana kashe daɗin kallo, amma na uku yana koya wa yaro abin da ba haka yake ba game da kakanninsa.

Inda zare yake tsinkewa

Likita da lauya da alƙalin da ke karanta wannan shafi sun san ɓarakar da nake nufi. Likitan fim ya taɓa hannun mara lafiya, nan take ya sanar da ciwon daji. Alƙalin fim ya saurari ƙara, ya karɓi shaida, ya yanke hukuncin kisa, duk kafin azahar. A raba gado a hana 'ya mace kasonta, kuma duk garin ba a samu malami ɗaya da zai ɗaga gira ba. A rubuta “bayan shekara ashirin” a fuskar talabijin, jariri ya zama saurayi, amma motar gidan da wayar hannun uwar suna nan yadda aka bar su.

Akwai kuma wata ɓaraka mai zurfi wadda aro yake haifarwa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan yadda finafinanmu suke ɗauko labarai daga na Indiya. To, a labarin Indiya, idan namiji ya tsinci kansa tsakanin mata biyu, an shiga ƙaƙa-ni-ka-yi, domin ɗaya kawai zai iya aura; dole ɗayar ta sadaukar ko ta mutu. Idan aka ɗauko wannan ƙulli aka dasa shi a Ƙiru, sai ya kwance da kansa, domin tsohuwar da ke kallo za ta tambaya: me ya hana shi haɗa su? Ba ina cewa dole labari ya ƙare da kishiya ba. Ina cewa wajibi ne marubuci ya ba mu dalilin da ya toshe wannan ƙofar, ko talauci, ko alkawari, ko ƙin yardar ɗaya daga cikinsu. Idan bai bayar ba, ya gina soro ba tushe.

Harshe shi ma yana da shekaru

Kowace kalma tana da zamanin shigowarta. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma galibin kalmomin da muka aro daga Ingilishi bayan nan suka bazu: minti, awa, asibiti, tebur, direba. Saboda haka idan waziri a fim ɗin da aka ce ya faru kafin zuwan Turawa ya ce wa sarki “ba ni minti biyar”, ya ɗaura agogo ne a bakinsa. Mutanen wancan zamani da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru suke auna yini, da wuri kuma suke ciniki. Naira ma sai a 1973 ta zo, don haka ɗan kasuwar zamanin Sardauna fam da sule da sisi da taro ya sani.

Sai batun karin harshe. Sau nawa muka ga gida guda a fim, uba yana cewa “munka taho”, uwa tana cewa “yarinya ne”, ɗa kuma yana zuba Kananci tsantsa, alhali labarin ya ce duk a ƙauye ɗaya aka haife su? Na farko Basakkwace ne, ta biyu bakinta ya karkata Zazzau, inda ake yawan sassauta bambancin jinsi. Mutumin Doguwa, wanda ƙasarsa ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, kunnensa ya saba da waɗannan bambance-bambance. Daga jimla biyu zai gaya maka inda mutum ya fito. Mafi muni shi ne Hausar da ake ƙirƙira wa Bafulatani ko Bagwari ko “ɗan ƙauye” don ban dariya, Hausar da babu rugar da ake yin ta, babu kuma ƙauyen da aka taɓa jin ta.

Alkunya ma harshe ce. A karkara har gobe akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da matar da ba ta ambaton sunan mijinta, da surukin da ba ya cin abinci gaban surukinsa. Idan fim ya nuna tsohuwar ƙauye tana ƙwala wa ɗan farinta kira da sunan yanka, ɗan birni ba zai ji komai ba, amma a Bebeji za a haɗa ido a yi murmushi.

Haka abin yake a gona. Sungumi na shuka ne, garma ta huɗa, fartanya ta noma, lauje na yanka. Manomin shinkafa a Tudun Wada da ya ga jarumi ya saɓa fartanya zai tafi girbi, ko ya ga ana girbin dawa ciyawa tana kore shar kamar tsakiyar Agusta, ya riga ya gane cewa wanda ya tsara fitowar bai taɓa kwana a gona ba. Gero ake fara girbewa tun damina ba ta ɗauke ba. Dawa sai kaka ta yi nisa, sanyi ya fara shigowa.

Wannan ciwo bai tsaya a Kano ba. Lokacin da Netflix ya saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu a 2021, 'yan Arewa da dama sun yi ƙorafi kan sutura da al'adun da aka jingina wa Zazzau ta zamanin sarauniyar. Sai dai laifi tudu ne. Wanda zai tuhumi baƙo da rashin sanin gidanmu, ya fara tabbatar da cewa ɗan gida ya sani.

Ruwa ba ya tsami banza

Dalilan a bayyane suke. An daɗe ana ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki, sau da yawa da taƙaitaccen labari kawai, a bar ɗan wasa ya ƙago maganarsa a gaban kyamara. Aikin mai lura da ɗorewar sutura da kaya daga fitowa zuwa fitowa akan ɗora shi a kan wanda ya fi kowa ƙarancin lada. Zuwan Arewa24 a 2014 da yaɗuwar shirye-shirye masu dogon zango a YouTube sun ɗaga darajar hoto da sauti, amma sun kawo sabon haɗari: ana rubutu ana ɗauka ana haskawa, har marubuci ya manta abin da ya faɗa a kashi na goma lokacin da ya kai na sittin.

Wani hanzari ba gudu ba, muhawararmu kan fim kusan kullum a kan tarbiyya take tsayawa. Don haka aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma ko a watan Mayu na 2025 da ta dakatar da shirye-shirye 22, dalilin shi ne rashin miƙa su a tace kafin haskawa. Tarbiyya abin kulawa ce, babu musu. Amma fim yana iya tsallake almakashin hukuma sumul, alhali cike yake da shirme.

Kudancin Kano ya ɗanɗana wannan da kansa. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya daɗe yana karɓar masu zuwa ɗaukar waƙoƙin fim, kuma a Tiga ɗin ne gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu ta ajiye makarantar koyon fim cikin jerin cibiyoyin koyon sana'a da ta kafa. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, wanda ya haɗa da wurin horarwa, sannan ta janye bayan da malamai da jama'a da dama suka nuna adawa. Kowa yana da hujjarsa kan wannan, kuma ba ita na zo warwarewa ba. Abin da na lura shi ne, a duk ƙurar da ta tashi, tambayar yadda za a koya wa matasan nan rubutu da bincike ba ta samu wurin zama ba. An rufe maganar ƙauyen fim, ba a daina yin fim ba, kurakuran kuma suna nan.

Mai gyara ma a gyara masa

Su ma masu tsintar kuskure suna da nasu. Mugu ya yi mugunta a fim ba kuskure ba ne, labari ne. Aljani ya ratsa bango ba ɓaraka ba ce, muddin labarin ya shaida mana tun farko cewa a duniyarsa ana haka. Gizo ma yana magana a tatsuniya, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ma'auni shi ne labari ya bi dokar da ya kafa wa kansa, ya kuma faɗi gaskiya kan wuri da zamanin da ya ambata da bakinsa. Sharhin da ya bar aiki ya koma zagin mai aiki kuwa ya tashi daga sharhi.

Maganin ba shi da tsada. A kammala rubutu kafin a kunna kyamara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A miƙa rubutun ga malamin Hausa, ga likita ko lauya idan labarin ya taɓa fagensu. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗaliban da za su iya wannan aiki kowace shekara. Idan kuma aka sauka a wani ƙauye da kaya, kafin a roƙi mai unguwa aron gida da shanu, a roƙe shi aron dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya su zauna kusa da darakta, a biya su kamar yadda ake biyan mai fitila. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace.