Sandar Goge Bindiga: A Duba Kafin A Saya

'Yan'uwa manoma na ƙasar Bagudo, daga Illo da Lolo har Ka'oje, mun san waɗansunku suna da ƙaramar bindiga mai lasisi don tsaron gona daga birai da ɓeraye. Amma mun lura mutum yakan kashe kuɗi mai yawa ya sayi bindiga, sa'an nan ya ɗauki guntun waya ko rodi ya dinga zura mata. Bindigogin da mugun goge ya lalata ba kaɗan ba ne.

Ga dalili. A cikin bututun ƙaramar bindiga akwai zane mai murɗi, shi ne yake juya harsashi ya tafi sak. Ƙarfe mai tauri yakan kankare wannan zane, musamman a daidai baki. In bakin ya ci, shi ke nan, sai ka auna biri ka sami reshe.

Saboda haka a nemi sandar tagulla, ko ta ƙarfe wadda aka lulluɓe da roba. Guda ɗaya miƙaƙƙiya ta fi mai gaɓa-gaɓa, gama gaɓoɓin sukan goga jikin bututu. Ta alminiyam tana da araha, amma ba mu so ta ba: tana da taushi, ƙurar hunturu takan maƙale a jikinta ta zama kamar zarto. Wanda bai sami sanda ba, igiya mai ƙarfi da tsumma mai tsabta a ƙarshenta sun ishe shi.

Buroshi kuwa ya zama na tagulla ko na nailan, daidai girman ramin. Masu zuwa kasuwa ƙetaren iyaka, wajen Segbana ko Malanbil a Jamhuriyar Benin, su lura: can da milimita ake rubuta awo. Abin da muke kira .22 shi ne 5.5 ko 5.6, .177 kuwa 4.5 ne. A sayi sanda da buroshi tare, domin zaren kan na Turai da na Amurka ba ɗaya ba ne. Buroshi kaɗai muka ce. Ƙetarowa da bindiga ko harsashi ba izini laifi ne babba. Bindigar iska ba ta bukatar buroshin tagulla, tsumma ya isa.

Kafin kome, a tabbata ba harsashi a ciki, a duba sau biyu. A zura sanda daga gindi zuwa baki, a bar buroshi ya fita sarai kafin a jawo shi. A bi da busasshen tsumma, sa'an nan ɗigon man keken ɗinki.

Mai bindigar toka, taka hanyar dabam ce. Tokar albarushi tana jawo laima, ga mu kuwa a bakin Kwara, da damina kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. A wanke da ruwan zafi ran da aka harba, ta bushe ƙarau, a shafa mai.

Sauran zanzaro. Yana son ramin bindigar da aka rataye, yakan toshe shi da laka. In aka harba a haka bututu yana iya fashewa a hannun mai shi. Ƙungiyar gama kai tana iya sayen sanda mai kyau guda ɗaya, a ajiye wurin ma'aji ana aro. Amma leƙa rami kafin a ɗura bindiga, wannan aikin mai ita ne kowace rana.