Littafin Da Aka Yi Ta Jira Bai Fito Ba

Idan ma'abota karatu biyu suka haɗu, bayan gaisuwa, abin da ɗaya kan fara tambayar ɗan'uwansa shi ne wane littafi ne a hannunsa. Daga nan sai zance ya koma kan wanda ake ɗokin fitowarsa. A ƙasar Ingila an yi shekara biyar da ɗoriya masu karatu da yawa suna dakon abu guda, watau littafi na takwas na labarin Lauya Matthew Shardlake.

Mawallafin, C. J. Sansom, an haife shi a Edinburgh a 1952. Ya yi digirin digirgir kan tarihi a Jami'ar Birmingham, sa'an nan ya yi aikin lauya kafin ya koma rubutu. Irin littattafansa su ne waɗanda akan ɗauki wani zamani na gaskiya, da sarakunansa da rigingimunsa, a saka ƙagaggen labarin kisan kai a ciki, mai karatu ya bi sawun mai bincike har asiri ya tonu.

Na farkonsu, Dissolution, ya fito a 2003. Labarin ya auku a 1537, sa'ad da Sarki Henry na Takwas yake rushe gidajen masu zuhudu na Kirista yana ƙwace dukiyarsu. An kashe wani wakilin hukuma a ɗaya daga cikin gidajen nan, sai Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki, ya tura Shardlake ya gano wanda ya yi kisan. Shardlake kuwa mutum ne mai ƙusumbi, ana yi masa ba'a, amma ga kaifin hankali. Ya tafi yana ganin ubangidansa a kan gaskiya yake, ya komo zuciyarsa cike da shakka.

A nan ne labarin yake taɓa duk wani ma'aikacin hukuma. Umurni ya zo daga sama, gaskiya kuma ta nuna wata hanya dabam. In ya bi umurni ya zalunci bawan Allah, in ya ƙi ya jefa wuyansa cikin hatsari. Wannan tsaka mai wuya ita ce ta riƙe masu karatu har littafi bakwai.

Na biyar ya fito a 2010, na shida a 2014, na bakwai, Tombland, a 2018. Shi wannan ya haura shafi 800, yana magana kan boren talakawan Norfolk na 1549, lokacin da masu dukiya suka killace makiyayar da jama'a ke mora tare. Tun da shekara huɗu-huɗu ce tsakani, masu karatu suka sa rai da na gaba wajen 2022. Har sunansa an sani, Ratcliff.

Amma fa ana naka, Allah na nasa. Sansom ya daɗe yana fama da ciwon dajin ɓargo, aikin ya riƙa tafiyar hawainiya. Ran 27 ga Afrilu, 2024, ya rasu yana da shekara 71, bai kammala ba. Bayan kwana huɗu kacal aka fara nuna wasan talabijin da aka shirya daga littafinsa na farko.

Duk da haka jiran bai tashi a banza ba. Mai dako ba ya zama hannu rabbana: yakan sake karanta na baya, ya ara wa aboki, su yi gardama kan abin da ya faru da gaske da wanda mawallafi ya ƙaga. Gardamar nan ita ke kai mutum ga littattafan tarihi na ainihi. Ɗalibin da aka ara wa Dissolution yau yana da sauran shida a gabansa, shi kuwa ba sai ya jira kowa ba.